Fura da Dusarta

Shekarar da maigidana ya dawo daga cin rani a Agadas, cikinsa ne ya fara ba ni tsoro. Mutumin ya rame, amma ciki ya ɗaure tamau. In ya zaga bayan gida sai ya daɗe, ya fito yana share zufa, bai ce wa kowa komai ba. A can, in ji shi, makaroni da burodi da shayi ne abincinsu safe da yamma. Ya kuma koyo jiƙa jar kanwa yana sha, ya bi ta da ƙwayoyin da masu yawo a keke ke sayarwa.

Damina ta kusa. Gonarmu ɗaya ce, a kan hanyar Maijirgi, kuma wansa ya riga ya fara cewa in ba zai iya duƙawa ba, a ba shi aronta bana. A garinmu gonar da aka ara tana wuyar dawowa.

Da lallashi na samu ya je likita a Tasawa. Lokotoro ya duba shi ya ce babu wani mugun abu a ciki, hanjin ne ya gaji. Ya ce ya bar kanwa da ƙwayoyin nan, ya yawaita shan ruwa. Ya bar su kuwa. Amma da na kawo masa jiƙon tsamiya a ƙoƙo, sai ya ture.

"Ni mai jego ne? Kai wa mata abinku."

Ban ja da shi ba. A karatun manya da nake zuwa da la'asar, malamarmu ta taɓa yi mana bayani cewa dusar hatsi da muke zuba wa awaki tana taimaka wa ciki ya saki. Na tuna kakata ma ba ta son fura fara, kuma har ta rasu ban ji ta yi kukan ciki ba. Sai na yanke shawara: tun da ya ƙi magani, zai ci shi cikin abinci.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba ba zai gane nauyin abin ba. A wurinmu ana sanin mace ta wurin surfenta. Ki surfe hatsi, ki bakace, ki wanke har ya yi fari, sannan a ce kin iya fura. Ni kuwa sai na riƙa taɓa shi sama-sama a turmi, in wanke ƙasar kawai, in daka shi da dusarsa. Furar ta fito da duhu. Na dama ta da nono mai tsami da Bafillatana ke kawo mana, na sake ta da ruwa sosai. Da safe kunun tsamiya, wanda kowa a gida ke sha, don haka bai ce na mata ba ne. Da dare tuwo da miyar kuka mai kauri, wata rana in kwaɗa zogale da ƙuliƙuli.

Uwar mijina ce ta fara ganewa. Ta ɗaga ludayi ta duba a hasken rana.

"Ke 'yar nan, hannunki ya karye ne, ko taɓaryar aka sace?"

"Lafiya lau, Inna."

"To wannan fa? Awakin gidan nan za su kai ƙararki wurin maigari, kin cinye musu rabo."

Na yi dariya, na ce ta yi haƙuri da ni kwana biyu. Ba ta yi ba. Kafin sati labari ya kai bakin rijiya. Wata maƙwabciyata ta ce ashe abin da ake koya mana a lakwal, makarantar tsofaffi, ke nan, ƙyuya. Na ja gugata na cika tuluna. Da na faɗi dalili da sun bar ni, amma sai in tona asirin cikin mijina a gaban matan gari, shi da ko ni bai iya gaya wa ba. Gara a ce ban iya surfe ba.

Shi ma ya yi ƙorafi. "Furar nan tana shaƙe maƙogwaro."

"Hatsin bara ne, Malam, haka ya zo. Ƙara ruwa."

Ya ƙara, ya shanye. Sauƙin bai zo da sauri ba. Na fara lura ya daina daɗewa in ya zaga. Daga baya ya fara neman ƙarin tuwo. Wata safiya na tarar da shi a gindin itacen bedi ya duƙa yana gyara ƙotar sungumi, bai dafa gwiwa ba.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba. Washegari da sassafe wansa ya shigo da amalankensa na jaki, ya ce ya zo jin maganar gona. Maigidana ya saɓa sungumi a kafaɗa.

"Yaya, in taimako ka zo, ga iri nan a buhu, ɗora mana."

Muka tafi gaba ɗaya. Yana gaba yana sara, ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige. Rana ta take kafin ya tsaya, kuma ni ce na fara neman hutu. Muka zauna ƙarƙashin gawo, na buɗe ƙwaryar fura. Wan ya leƙa ya yamutsa fuska. Maigidana ya karɓi ludayi ya sha, ya tashi ya koma kan layinsa.