Ranar da Aka Tura Manyan Ajina Rijiya

Ko yau aka tashe ni daga barci ba zan manta da ranar da sufeto ya shigo ajina ba, a wata firamare da ke kusa da Gafasa, domin ranar ce aikin nan ya kusa kuɓuce mini tun ban gama zama ba. Shekarar 1976 ce, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Ku da kuka zo daga baya ba za ku gane irin cikar da aka yi ba. Malamai suka yi kaɗan, sai aka kwaso irinmu marasa takardar koyarwa, aka yi mana 'yar bita, aka kira mu malaman wucin gadi. Ƙa'idar kuwa ita ce sufeto zai zo daga Gaya ya ga koyarwarka. In ya yaba, a tura ka kwalejin horon malamai. In ya kushe, ka naɗe tabarmarka ka koma gida. Ni kuwa na baro Kano ina cika wa mahaifiyata baki cewa na zama malam, to da wane ido zan koma?

Aji ɗaya aka ba ni, kuma abin kallo ne. Gida-gida aka bi aka kwaso yara, sai ka ga wa da ƙane da ɗan baffansu duk a aji guda. Ga ɗan shekara shida da majina a hanci, ga wanda ya isa riƙe garma har muryarsa ta fara buɗewa. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, sai wasu daga gidajen malamai da suka yi nisa a karatun allo, da 'yan mata ƙalilan. Ƙananan kuka suke yi in an raba su da yayyensu, don haka na zaunar da su gida-gida a kan tabarmi.

In na ce a maimaita baki ɗaya, sai sun kusa ɗaga kwanon rufi. Amma in nuna yaro guda in tambaye shi, shiru kamar an yi mutuwa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi bulala, duk a banza. Abin haushin, in na duba allunansu sai in ga da yawa sun rubuta daidai. Sai dai sufeto da baki yake tambaya a aji ɗaya, ba ruwansa da allo.

Bayan an gama cirar gyaɗa sai ga shi a kan babur, mutum mai gilashi, ba ya yawan dariya. Hedimastanmu Malam Sabo, dattijo ɗan ƙasar, ya rako shi ya tsaya a bakin ƙofa. Sufeto ya nuna wani ɗan tsito mai suna Habu, ya tambaye shi biyu da uku nawa ne. Na san Habu ya sani, wallahi na sani. Yaron ya saci kallon wansa Sale da ke gefensa, ya sunkuyar da kai. Aka tambayi Sale, shi kuma ya ƙura wa bango ido. Haka aka bi tabarma bayan tabarma. Gumi ya jiƙe mini riga. Sufeto ya juyo ya ce mini, ba da tsawa ba, da alama waƙa nake koya musu, ba karatu ba.

Sai Malam Sabo ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, randar makaranta ba ruwa. A ara mini manyan nan su je rijiya."

Raina ya ɓaci matuƙa. Aikina na mutuwa, tsohon nan ta randa yake yi! Sufeto ya ɗaga masa hannu, Malam Sabo ya kira manyan da sunansu gida-gida, suka ɗauki bokitai suka fita. Sannan ya roƙi sufeto ya sake tambayar Habu.

Kafin a rufe baki Habu ya ce biyar. Jama'a, sai ajin ya ɓarke. Hannuwa sama, kowa na neman a kira shi, wata 'yar yarinya har da miƙewa tsaye tana karanta baƙaƙe daga farko har ƙarshe. Na tsaya baki buɗe kamar ba ajina ba.

Malam Sabo ya yi wa sufeto bayani, ni ma ina saurare. Ya ce a gidajen nan ƙane ba ya riga wansa magana a gaban babba, balle ya nuna ya fi shi sani. Shi kuma wan, gara ya yi shiru da ya yi kuskure ƙanensa na ji, a kai labari gida. To kowa na jiran kowa. Ya ce shi ma sai yau da ya tsaya ya ga inda idon Habu ya je ya gane. Sufeto ya ce in haka ne zai gwada manyan su kaɗai a gindin bishiya, kuma da ya gwada sun amsa, ko da yake ba su kai ƙananan ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru kafin nan. An yi wa Habu wata tambayar, yana tsakiyar ƙirga yatsu sai ga Sale a bakin ƙofa da bokiti a ka. Yaron ya yi tsit, amsa a bakinsa. Sale ya dube shi, ya dubi ni da rigata sharkaf, ya ce, "Faɗi mana, Habu. Malam kai yake jira."

Na juya wajen allo don kada su ga idona.

A makon muka raba ajin biyu, ba wanda ya sake zama aji ɗaya da wansa, kuma sakamakonmu na ƙarshen shekara ya ba mu kanmu mamaki. Sufeto ya yaba, aka tura ni kwaleji, na ci abinci da aikin nan har na yi ritaya. Tun daga ranar, duk ajin da aka ba ni, kafin in tambayi yara me suka sani, sai na fara tambayar wane ne wan wane. Malam Sabo ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Randar nan kuwa, da na leƙa bayan an tashi, na tarar tun safe cike take.