Alayyahun da ba a saya a shagon Gwaggo

Shekaru sun ɗan ja, kuma mai yiwuwa na haɗa rani biyu na mayar da su ɗaya, don haka ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Abin da na tabbatar shi ne, da na gama karatun noma a Shabu na koma ƙauyenmu da ke wajen Arikya, ina yini a shagon gwaggona.

Shagon ƙarami ne: magi, gishiri, taliya, sabulu, biskit. A lokacin matar yayana tana da ciki, a asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, ta riƙa cin ganye. To da rani ganyen bayan gida ya bushe, zuwa Lafia kuwa sai an hau mashin. Na roƙi Gwaggo ta ba ni gefen teburin ƙofa in ajiye alayyahu. Ta ce ta ba ni kasuwa uku, in bai tafi ba ta daina kawo shi.

Na jera shi ɗauri-ɗauri, ina yayyafa masa ruwa. Mata su zo sayen magi, su yaba ganyen, su wuce. Har matar yayana ma haka take yi. Na rage kuɗi, shiru. In ban manta ba, wata Bafulatana mai tallan nono ce kaɗai ta saya, sauran awaki suka cinye. Kasuwa ta biyu ma haka.

Na ce, "Gwaggo, ko dai tsada ce?"

Ta yi dariya. "'Yar jami'a, a can ba a koya muku kunya ba? Tun da kika tashi kin taɓa ganin uwarki ta sayi ganye? A nan ta kan danga ake miƙo shi. Wadda ta tsaya bakin hanya ta biya kuɗi, gobe a ce ko maƙwabciya ba ta da ita."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Kin tambaye ni? Da takardar makaranta kika zo."

A kasuwa ta uku ta kwashe ganyen daga tebur, ta zuba a roba can ciki, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Matar yayana ta zo sayen gishiri, Gwaggo ta cusa mata ɗauri biyu a leda.

"Ga ɗan ganye, a sa a miya."

"Haba Gwaggo, har da ɗawainiya?" in ji ta. Sai ta ajiye kuɗi a gefen buhun. "A ƙara wa mai mashin da ya kawo shi kuɗin mai."

Kafin la'asar robar ta ƙare, kuma ba wadda ta ce ta sayi ganye. Gwaggo ta ci gaba da kawo shi har ruwa ya sauka. Matar yayana ta haihu lafiya, amma ba zan ce alayyahun ne ya ɗaga jininta ba, don tana shan maganin asibiti.

Har yau ina tunanin ko Gwaggo ce ta ƙirƙiro wannan dabara, ko ta gani ne a wani shagon. Na taɓa tambayarta ta ce ita kyauta take bayarwa. Matan da suka ajiye kuɗin mai a wancan ranin suna nan da ransu. In wata cikinsu ta ji wannan ta ga inda na kauce, don Allah ta aiko mini in gyara.