Ranar da Layin Baya Ya Riga Kamawa

Kullum kafin mu masu fasa dutse mu gama shayi, Mai Tabarau ta shige ofishinta na kwano. Ita ke rubuta umarnin akwatin da ke tayar mana da nakiya. Takan jera ƙananan ƙwayayen fitila a tebur, layi-layi kamar ramukanmu na nakiya, kuma akwati ba ya fita sai sun kama bi da bi a gabanta.

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma dutse ya san ni. Ya ci yatsuna biyu, ya toshe min kunne, ya binne ni har wuya na fito ina neman hulata. Na ɗauka babu sauran abin da zai kaɗa min hanji.

Ran nan mun gama ɗura ramuka, ta ce ba a tayarwa. Na ce, "Ƙanwata, tun kina goye nake wannan aiki!"

Ta ce, "Yaya, bar cika bakin a ƙofa, zo ka gani."

Ta danna. Fitilun layin baya suka riga na gaba. Innalillahi! Ni ne a ƙasa zaune, direban tifa shaida ne. In baya ya riga tashi, dutse ba shi da hanya sai sama, ya sauko inda muke fakewa.

Na ce, "Hannunki ne ya goce?"

Ta ce, "A yaren kwamfuta na C, in za ka miƙa wa sashen aiki jerin ramuka, dole ka faɗa masa nawa ne a kowane layi. Na faɗa daidai. Sabon tafintan kwamfuta da ke juya rubutuna zuwa abin da akwati ke ji, shi ya karkatar da lissafin."

"Yanzu har inji ma ƙarya yake?"

"Ga shi ka gani."

Ta mayar da ramukan layi ɗaya dogo a rubutunta, ta rubuta lissafin wurin kowanne da kanta, ta kai ƙarar tafintan wajen masu shi. Manaja yana ta huci a ƙofa, ta ƙi sakin akwati sai da fitilu suka bi layi.

Mai Tabarau, ke ce bangon da muke fakewa bayansa ba mu sani ba. Yau za ki ajiye aiki, har yanzu in na tuna fitilun nan sai tsikar jikina ta tashi. Na gode, jikokina sun gode, Allah ya saka miki.

Ku da za ku hau kujerarta, ku jera fitilu kafin ku ba mu akwati. Dutse ya gaza kai ni kabari, kada ku bari tafinta ya kai ni.