Sandar Baba Lawan

Da la'asar ɗin wata Laraba a watan Agusta na ga bangon ɗakin Inna ya tsage, ruwa yana shigowa ta ƙarƙashinsa da ledoji da warin kwata. Na goya ta muka fito.

Kududdufin 'Yan Tubali ne ya cika ya tumbatsa, wanda kakanninmu suka haƙi ƙasarsa suka gina unguwar. Shara ta cinye rabinsa, hanyar da yake zubar da ruwa kuma ta ɓace.

Ni da na gama jami'a ban samu aiki ba, da rani ya yi sai na tara matasan unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi aikin gayya don mu buɗe wa ruwan hanya. Na zana taswira a waya, na ce mu fasa daga bakin kududdufin.

Muna ɗaga diga wani tsoho ya iso da doguwar sandar gora. Baba Lawan ne. Shekara arba'in yana haƙar rijiya daga Tarauni har Unguwa Uku, kafin rijiyar burtsatse ta kashe masa kasuwa. Yanzu rake yake sayarwa a bakin masallaci.

Ya ce, "Kai ɗan boko, in ka buɗe nan, ina ruwan zai tafi?"

"Hanyarsa zai bi, Baba."

"Wace hanyar? Ɗakin uwarka zai koma. Daga wutsiya ake farawa, baki shi ne ƙarshe."

Aka kwashe da dariya. Na mayar da wayar aljihu.

Ya kai mu can ƙasa kusa da babban lambatu, yana caka sandar a ƙasa. Inda ta nutse sai ya wuce, inda ta yi ƙara sai ya tsaya. Ya ce marmara ce da iyayensu suka jera a gefen tsohuwar magudanar kududdufin, shi ma yana yaro ya ɗauko wasu a ka. Muka haƙa, sai ga ta a jere.

Asabar bakwai muna yi. Shi ne farkon zuwa, ga ciwon gwiwa, amma bai taɓa zama ba. Maman Tolu mai shagon ɗinki tana kawo mana kunun zaƙi, yana tsokanarta wai sukarin ya yi kaɗan.

Saura taku ashirin mu kai kududdufin, sandar ta tsaya a ƙofar shagon siminti na Alhaji Ashiru. Magudanar ta ƙarƙashin dakalinsa ta bi. Matasa suka ce a fasa kawai. Baba Lawan ya gitta sandarsa.

"Ba a fasa wa mutum dakali ba ya nan."

Alhajin yana Legas. Mai unguwa ya kira shi, shi kuwa ya ce zai yi shawara da 'ya'yansa. Inna tana gidan yayata a Babban Giji, kullum tana tambaya yaushe za ta dawo ɗakinta. Saura wata guda damina ta dawo. Yau kwana tara ke nan, Alhaji Ashiru bai ba da amsa ba.