Kwanson da Aka Goge da Tsamiya

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, a dajin arewacin Takanamat, harsashi ya fashe cikin bindigar ɗana Isufu, ƙarfe ya same shi a fuska. Kafin motar da ta ɗauko shi ta iso Tawa, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, yana da takardar riƙe bindiga. Makiyaya ne suka roƙe shi ya rage musu dilolin da ke kashe ƴan raguna.

Duk zuwansa gida, kwalin maganina na hawan jini yake fara dubawa. Ganinmu na ƙarshe ya tarar da shi wayam, ya ce, "Baba, kai da ka horar da rabin garin nan a aji, kai ma sai an tsaya a kanka?" Ya fita ya sayo.

Abin da zan faɗa yanzu, na auna shi.

Harsashi ya yi wuya, shi ya sa maharban ƙasar Adar ke tara kwanson tagullar harsasan da suka harba, su kai a sake ɗura musu albarushi. Mai ɗura wa Isufu aminina ne tun ƙuruciya. Shi ya riƙe ragon sunansa aka yanka. Isufu kuwa Baffa yake kiransa.

Abokin tafiyar ɗana ya shaida mini cewa kwanson wannan karon ba na irin bindigarsa ba ne. Da Isufu ya yi tambaya, amsar da ya samu ita ce, "Ɗana, harbin farko zai buɗa shi ya zauna daidai. Ni zan cuce ka?"

Bayan addu'ar uku na buɗe jakarsa. Sauran harsasan suna ƙyalli kamar sababbi. Na sa tabarau, na juya su a hasken rana. Kusa da gindin kowanne akwai tsaga siririya kamar gashi. An goge su da tsamiya da toka. Tagullar da ta gaji, mai sana'a zubar da ita yake yi. Wanda ya goge, ya gani.

Washegari aminin nawa ya dawo gaisuwa, ya zauna a tabarmata, ya kama hannuna ya ce, "Malam, kwana ne ya ƙare." Na ce, "Haka ne, Alhaji." Ban ƙara ba, domin mahaifiyar yaron tana jin mu daga ɗaki.

Ƙarewar kwana na karɓa daga Allah. Gugar tsamiya kuwa hannun mutum ne.

Allah Ya gafarta wa Isufu, Ya haskaka makwancinsa. Wanda ya karanta, ina roƙon ya sa shi a addu'a.

Irin waɗannan harsasai suna hannun maharba a Affala da Tebaram. Duk wanda aka ɗura wa a Tawa tun bayan damina, kada ya harba. Har yanzu ba a tattaro su ba. Mahaifiyarsa ba ta san gaskiyar ba. Ni kuma ban yafe ba tukuna.