Tankar Roba a Ƙofar Bariki

Duk wanda ya san Jonah Yamusa ya san shi da tef ɗin awo a aljihu. Da shi yake zuwa coci, da shi yake zuwa ta'aziyya, kuma shi ne ya kusa hana shi komawa gida wata ranar Asabar a shekarar 2012.

Mutumin Jiwa ne, ɗan manoman doya, amma tun yana firamare hannunsa ya ƙi fartanya. In an tura shi gona sai a same shi a gindin bishiya yana ƙera motar kara, har da ƙofa mai buɗewa. Mahaifinsa ya yi duka har ya gaji ya sallama. Da mulki ya dawo hannun farar hula, kuɗi suka malalo Abuja, kowane mai hali yana gina rukunin gidaje, sai wasan Jonah ya zama sana'a. Ya kama ɗan shago a Wuse yana yi wa magina ƙananan samfura na nuna wa masu saye: gidaje kamar akwatin ashana, bishiyoyin soso, fitilun titi masu kamawa da batir. Ya gina unguwanni sun fi ashirin a kan tebur, shi kuwa yana nan a ciki da falo a Jiwa, da matarsa Rosemary mai sayar da doya, da 'yarsu Precious.

Aibinsa ɗaya, bai yarda da ido ba. In ka ce masa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai ya ce ai shi ya sa gine-gine ke karkacewa. Hoto ma a wurinsa maƙaryaci ne. Abu in bai sa masa tef ba, to bai gan shi ba.

Wata rana wani mataimakin darakta a ma'aikatar tarayya, Alhaji Maharazu, ya shigo shagon da wani tsohon kwali da launinsa ya koɗe. A ciki akwai tankar yaƙi ta roba, gutsi-gutsi, ba a taɓa haɗa ta ba. Mahaifinsa tsohon hafsan soja ne, ya sayo ta a Ingila lokacin da ya je kwas, shekara talatin da wani abu, ya jefa a akwati ya manta. Yanzu tsohon zai cika tamanin, Alhaji yana so ya ba shi mamaki.

"Amma ba yadda take a kwali nake so ba," in ji Alhaji. "Irin wadda Baba ya tuƙa nake so, exactly. Ka san tsofaffin sojoji, ƙusa ɗaya in ta sauya wuri sai ya gani."

Ya bar masa hotuna uku na mahaifin a jikin tankarsa. Abin nema ya samu. Jonah ya ɗauki aikin gida, don shago ya cika ƙura da masu taɓe-taɓe.

Aikin ya fi yadda ya zata. Robar ta tsufa, tana karyewa kamar busasshiyar ƙwarya, sarƙoƙin ƙafa sun sandare, sai da ya jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su lanƙwasa. Kuma tankar kwalin ta sojan Ingila ce, ba tamu ba. An yi mata wani naɗaɗɗen tanti a kewaye na ƙetare kogi, wanda babu shi a hotunan tsohon, don haka Jonah ya kankare shi da reza a hankali, kwana tara. Akwatunan kaya ya sake su da robar katin waya. Igwar ta yi kauri, ya maye ta da bututun biro da ya goge har ya kai awo. Tambarin Turawa ya zubar, ya zana kore-fari-kore da burushi mai gashi uku. In ya tashi daga aiki sai ya shimfiɗa auduga a kwalin taliya, ya kwantar da tankar, ya ɗora a saman kwaba. Doka ɗaya ya kafa a gidan, kuma kullum sai ya maimaita: wannan kwali ba a dangwarar da shi, a hankali ake ajiyewa kamar ƙwai. Rosemary takan ce ko ita da aka biya sadakinta ba a lallaɓa ta haka, amma in za ta share kwabar da hannu biyu take sauke shi.

Bayan wata uku saura abu ɗaya, bayan tankar. Duk hotunan ta gaba aka ɗauka, don babu sojan da ke tsayawa hoto a bayan motarsa. Ina salansa ta bi? Akwati nawa ne a baya? Wani zai ƙaga abinsa ya wuce, ban da Jonah. Sai ya tuna akwai irin tankar sak, tsohuwa, an girke ta a kan dandamali don ado a ƙofar wani bariki da motar hayar da yake hawa ke wucewa kullum.

Lokacin kuwa bama-bamai sun tashi a Abuja ba sau ɗaya ba. An zuba shingaye ko'ina, soja in ya ga leda a gefen titi sai ya gyara riƙon bindiga. Jonah ya san duk wannan, yana jin rediyo kamar kowa. Kawai bai taɓa kawowa a ransa cewa maganar ta shafe shi ba, shi da yake mai yin gidajen kwali.

Ranar Asabar da hantsi ya sauka a bakin barikin da jakar aikinsa. Ya zagaya bayan tankar, ya ga salansar, daɗi ya kama shi. Ya zaro tef ya auna, ya zana a littafinsa, ya ɗauki hoto da waya. Da a nan ya tsaya, wataƙila da tsawa kawai zai sha. Amma sai tunani ya zo masa cewa kyautar za ta fi kyau in ya yi mata dandamali da ƙofar bariki a bayanta. Ya fara taku daga tankar zuwa ƙofa yana ƙirgawa a fili, ya rubuta: taku goma sha huɗu. Ya zana rumfar masu gadi, ya sa ɗigo biyu inda suke tsaye.

Bai ji zuwan sojojin ba. Sai dai ya ji ƙasa a bakinsa da takalmi a bayansa.

A ɗakin tsaro na jikin ƙofar aka zazzage jakarsa a kan tebur, a gaban wani matashin laftanar mai suna Abraham. Jonah ya dubi kayan da yake ɗauka kullum, ya ga abin da su suke gani. Wayoyi ja da baƙi. Batura ɗaure da salatif. Ɗan makunnin wuta. Kwalbar tina ta tsinka fenti, ba takarda a jiki. Wani dunƙule mai danƙo, toka-toka, wanda yake cike tsaga da shi. Ga kuma littafi buɗe, da zanen ƙofar bariki da ɗigo biyu.

"Who sent you?" in ji Laftanar. "Wa ya aiko ka?"

"Oga, wallahi model nake yi. Tanka na roba, ƙarami haka."

"Ina tankar?"

"Yana gida, Oga."

Laftanar ya duba agogo. Ya ce ƙarfe huɗu mota za ta zo ta kai shi inda ake bincike, can sai ya yi bayaninsa. Jonah ya san me hakan ke nufi. A Jiwa akwai wani ɗan acaɓa da aka tafi da shi irin wannan binciken, wata takwas ke nan matarsa tana yawon ofisoshi da hotonsa.

Ya roƙa a kira Alhaji Maharazu. Aka kira, aka buɗe murya kowa na ji. Da Alhaji ya ji an ambaci bariki da wayoyi da batir, sai ya sauya murya.

"Jonah? Wane Jonah?" ya ce. "I'm in a meeting, zan kira."

Ranar Asabar fa. Da aka sake kira wayar a kashe take. Ba mugu ba ne Alhaji, tsoro ne, kuma a shekarar nan tsoro ya sa mutane da yawa sun manta sunayen da suka sani.

A kusurwa akwai wani dattijon saje mai furfura a gashin baki, Manniru. Ya ɗauki littafin ya daɗe yana duban zanen salansar, don ya yi shekaru a cikin irin wannan tankar. Ya ce wa Laftanar, "Yallaɓai, mai kawo hari ba ya ɓata lokaci a kan ƙusoshin salansa. In akwai tankar, a kawo mu gani kafin huɗu." Laftanar ya ɗaga kafaɗa. Saje ya miƙa wa Jonah waya.

"Maman Precious," in ji Jonah, "ki ɗauko kwalin nan na kan kwaba, ki hau mashin ki zo yanzu-yanzu. Kar ki tsaya komai."

Ya kwatanta mata wurin. Ta ce, "Yesu!" ta kashe wayar.

Aka zaunar da shi a ƙasa kusa da wata taga mai ƙarafa da ke kallon titi. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Wajen biyu Saje Manniru ya shiga ciki yin azahar, Laftanar ya bi kiran waya, aka kuma sauya masu gadi. Sababbin biyun yara ne, ba wanda ya gaya musu ana jiran kowa. Jonah yana ganinsu ta taga, sai a lokacin ya gane abin da ya aikata. Ya kira matarsa ta tunkari ƙofar bariki da kwali a rufe.

Ya buga ƙofa yana kiran Oga, Oga. Wanda ke tsaronsa ya ce in ya ƙara magana zai ji a jikinsa.

Biyu da rabi mashin ya sauke ta can nesa, don ba a barin mashin ya matso. Ga ta nan tafe da sauri, zaninta na kasuwa, kwalin a rungume a ƙirji, ta ɗaure shi da igiya kada ya buɗe a hanya.

"Stop there! Tsaya nan!"

Ta tsaya. Bindigogi biyu suka ɗago, Jonah ya ji ƙarar da suka yi lokacin da aka ɗana su.

"Drop am! Jefar da shi!"

Rosemary ba ta jefar ba. Wata uku ana gaya mata wannan kwali ba a dangwarar da shi, kuma ta san abin da ke ciki shi ne zai fito da mijinta. Sai ta fara durƙusawa a hankali, a hankali, hannu biyu, tana lallaɓa shi zuwa ƙasa. A idon yaran nan kuwa, abu ɗaya ne kawai ake lallaɓawa haka. Ɗaya ya ja da baya yana ihu, muryarsa ta sirance don tsoro. Ɗayan ya durƙusa a gwiwa ɗaya ya sa ido a saiti. Masu sayar da lemo a tsallaken titi suka watse.

Jonah bai san lokacin da ya kai tagar ba. Ya kama ƙarafan ya kwarma mata ihu da yarensu na Gbagyi, da muryar da bai taɓa sanin yana da ita ba, cewa ta wurgar, ta wurgar da shi nesa, ta kwanta. Gindin bindiga ya sauka a kafaɗarsa, bai saki ba, ya sake kwarmawa.

Ta ɗago kai tana neman inda muryar take. Sannan ta wurga kwalin ta faɗi rub da ciki.

Kwalin ya daki kwalta ya fashe. Kowa ya runtse ido yana jira, ba abin da ya tashi. Sai auduga da iska ta kwasa, da 'yan tayoyi kamar maɓallan riga suna gangarawa, ɗaya har gaban takalmin sojan da ya durƙusa.

Saje Manniru ya fito a guje, ƙafarsa ba takalmi, yana daka wa yaran tsawa su sauke bindiga. Ya tsuguna ya tsinci kan tankar da karyayyar igwarta, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ga ɗan tutar da aka zana. Ya kai wa Laftanar ya ajiye a kan tebur kusa da baturan.

An rubuta bayani shafi uku, an goge hotunan wayar, an riƙe littafin da tef ɗin. Laftanar ya yi masa faɗan da ya cancanta, Jonah yana ta cewa yes sir. Huɗu saura kwata aka ce ya tafi, kada a sake ganin ƙafarsa a nan.

Ya same ta a bakin titi zaune a kan dutsen kwalbati, gwiwoyinta duk sun kurje, haɓarta na jini. Ashe da aka bar ta ta tashi, bin kwalta ta yi tana tsintar gutsattsarin, ta ƙulle su a bakin zani. Da ta gan shi ta miƙe, ta fara kwance ƙullin.

"Baban Precious, ka yi haƙuri," ta ce. "Na so na ajiye shi da kyau. Ko zai gyaru?"

Jonah ya zube a gabanta ya rungume gwiwoyin nan masu jini, yana kuka kamar yaro, 'yan acaɓa na kallo. Ta bar shi ya yi mai isarsa, hannunta a kansa.

"Tashi mana, mutane na ganinmu," ta ce. "Na bar tukunya a wuta."