Takarkarin da Ya Ƙi Sabbin Taurari

A bakin rijiyar Dakoro, inda fatake ke ɗaurin kaya, akwai wani dattijo siriri mai gemu irin na bunsuru, ana kiransa Arzika. Yana riƙe da mayafi mai taurarin faci, wanda yake shimfiɗa wa takarkarinsa kafin ya ɗora kaya. Daga gani ya sha wahalar sabunta shi, domin yatsunsa duk shuni ne da sukar allura. Ya cire tsofaffin taurarin da suka zama tsummoki, ya sa sabbi na saƙi da turkuɗi.

Sai dai takarkarin yana shinshina mayafin yana kau da kai, ya ƙi tsayawa, ga ayari na shirin tashi.

Madugu ya ce, "Baba, ka taho, ko mu bar ka?"

Arzika ya ce, "Ɗana, wanga sa bai san daraja ba."

Yana faɗa yana laluben burgamensa, wato jakarsa ta fata. Ya zaro tsohon tauraro, baƙi ƙirin da gumi, ya ɗinke shi bisa mafi kyawun sabbin. Takarkari ya shinshina, ya tsaya cik.

Arzika yana ɗaurin kaya yana zaginsa. Amma mai ajiye tsumma a burgame, ƙila shi ma yakan shinshina a ɓoye.